Babi na 6: Gadon da Aka Raba Kafin Alƙali Ya Iso

A ƙarshen Disambar 1991, da aka sauke jar tuta daga saman fadar Kremlin, gwamnatin Boris Yeltsin ta wayi gari da wata irin matsala da babu littafin da ya tanadar mata amsa. Kusan komai a ƙasar na gwamnati ne: rijiyoyin man Saiberiya, masana'antun tankokin yaƙi na tsaunukan Ural, gidan burodin unguwa, shagon aski, har ɗakin da ma'aikaci ke kwana a ciki. An riga an yanke shawarar komawa tsarin kasuwa, kasuwa kuwa ba ta ci sai da masu kaya. To wa za a ba kayan? A kan nawa? Wa ma ke da kuɗin saye?

Janusz Lewandowski, wanda ya riƙe ma'aikatar cefanar da kadarorin gwamnati a Polan, ya taɓa siffanta irin wannan aiki da cewa sayar da kamfanonin da ba su da mai su ne, waɗanda ba wanda ya san darajarsu, ga mutanen da ba su da kuɗi. A Rasha wannan magana ta ƙarshe ta fi ciwo. Ranar 2 ga Janairun 1992 Yegor Gaidar, mai kula da tattalin arziki a gwamnatin Yeltsin, ya sake wa farashi mara. A watan nan kaɗai kaya suka ninka fiye da sau 3, kafin shekara ta ƙare sun ninka wajen sau 26. Tsohuwar da ta shekara talatin tana tara kuɗi a bankin Sberbank, da niyyar sayen mota ko tanadin jana'izarta, ta ga tarin nata bai fi kuɗin cefanen 'yan kwanaki ba. Mutanen da ake so su zama masu kamfanoni an fara ne da share musu aljihu.

Dukiyar kuma ba zaune take tana jiran a shirya ba. Tun zamanin Gorbachev ta fara yoyo. Dokar kamfanonin gwamnati ta 1987 ta sassauta ikon ma'aikatun Mosko a kan daraktocin masana'antu, dokar ƙungiyoyin haɗin gwiwa ta 1988 kuma ta ba da damar kafa ƙananan kamfanoni masu zaman kansu. Sai darakta ya kafa ɗan kamfani da sunan surukinsa a harabar masana'anta, ya sayar masa da ƙarfe ko katako a farashin gwamnati, shi kuma ya sayar a farashin kasuwa. Wanda ya sami takardar izinin fitar da mai waje ya fi kowa morewa, domin farashin mai a cikin gida ɗan ƙaramin kaso ne na farashinsa a duniya. Samarin ƙungiyar matasan jam'iyyar kwaminis, Komsomol, sun sami tasu ƙofar. Ta nan wani ɗalibin kimiyyar sinadarai mai suna Mikhail Khodorkovsky ya fara, har ya kai ga kafa bankin Menatep.

Duk wanda ya taɓa ganin rasuwar attajiri mai iyali da yawa ya san yadda abin yake. Kafin a yi sadakar uku, wanda ke riƙe da makullin sito ya fara kwashe kaya da dare. Idan aka jira alƙali, ƙila a tarar babu abin rabawa. Idan kuma aka raba cikin gaggawa, mai makullin ne ya san abin da ke cikin kowane ɗaki, marayu kuwa sai abin da aka ce musu.

Anatoly Chubais, wanda Yeltsin ya ɗora a kan hukumar kadarorin gwamnati a Nuwamban 1991 yana ɗan shekara 36, ya zaɓi gaggawa. Bai taɓa ɓoye dalilinsa ba, kuma dalilin na siyasa ne kafin ya zama na tattalin arziki. A ganinsa 'yan gurguzu na iya dawowa mulki kowane lokaci, majalisar da aka gada daga zamanin Sobiyet ba ta tare da masu gyara, saboda haka kowace masana'anta da ta fita daga hannun gwamnati wani mataki ne da ba za a iya komawa da shi baya ba. Shi da mashawartansa, ciki har da masana daga jami'ar Harvard, sun yi imani cewa ko a hannun wa kaya ya fara faɗawa, kasuwa za ta gangaro da shi zuwa hannun wanda ya fi iya sarrafa shi, kuma sabbin masu dukiya da kansu za su nemi a kafa dokar da za ta kare musu ita. A kan wannan zato na biyu ne duk ginin ya tsaya.

A watan Agustan 1992 Yeltsin ya shaida wa 'yan ƙasa cewa abin da Rasha ke buƙata shi ne miliyoyin masu dukiya, ba 'yan tsirarun miloniyoyi ba. Daga 1 ga Oktoba kowane ɗan ƙasa, har jaririn goye, yana da haƙƙin karɓar bauca guda, wata takardar rabo da aka rubuta rubul 10,000 a jikinta. Mutum zai je reshen Sberbank, ya biya rubul 25, ya karɓa. An karɓi wajen miliyan 144 a ƙasar da ke da mutum kusan miliyan 148. Ta fuskar tsari kam, aikin ya burge. Chubais ya ce wata rana bauca guda za ta kai darajar motoci biyu ƙirar Volga, maganar da Rashawa ba su daina yi masa gori da ita ba har yau.

Amma kafin takardar ta isa hannun kowa, an riga an yi wani ciniki a majalisa. Don daraktoci su bar shirin ya wuce, aka ba kowace masana'anta zaɓi uku, kuma na biyun ya ba ma'aikata da shugabanninsu damar sayen kashi 51 cikin 100 na hannun jari a farashin da aka lissafa da tsofaffin littattafan kafin hauhawar farashi, wato kusan kyauta. Wajen kashi uku cikin huɗu na kamfanoni wannan suka ɗauka. Abin da ya rage wa jama'ar waje a gwanjon bauca yawanci bai kai sulusi ba. A takarda, ma'aikata ne suka mallaki masana'antarsu. A aikace, daraktan da ke iya korar mutum, wanda gidan da ma'aikaci ke zaune da asibitin da matarsa ke zuwa duk a ƙarƙashinsa suke, shi ne ke jefa ƙuri'a da hannun jarin kowa.

Yanzu mai karatu ya sa kansa a matsayin malamar makaranta a wani gari na gaɓar kogin Volga, da bauca huɗu a hannu, nata da na miji da na 'ya'ya biyu. Ba ta taɓa ganin rahoton kuɗin wani kamfani ba, domin a tsarin da ta tashi a ciki riba da asara lambobi ne da ma'aikatar tsare-tsare ke cikewa. Jarida ba ta da labarin wace masana'anta ce ke da kasuwa, wacce ce gawa. Albashinta na narkewa kowane mako. A bakin tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa kuwa ga samari tsaye da kwali a ƙirji an rubuta suna sayen bauca, kuɗi hannu. Mutane da yawa sun sayar, wasu a kan abin da bai fi kuɗin kwalba ɗaya ko biyu ta barasa ba, kuma ban ga laifinsu ba. Mai yunwa a yau ba ya lissafin ribar shekara goma.

Farashin bauca a kasuwa ya riƙa yawo tsakanin 'yan daloli kaɗan zuwa wajen dala 20. Maxim Boycko da Andrei Shleifer da Robert Vishny, waɗanda biyun farko da hannunsu a tsara shirin, sun lissafa daga baya cewa in aka bi farashin gwanjon bauca, darajar dukkan masana'antun Rasha ba ta wuce dala biliyan 12 ba. A lokacin akwai kamfanonin Amurka da dama da kowannensu shi kaɗai ya fi haka. Wannan arha ba wautar masu saye ba ce. Hukunci ne da kasuwa ta yanke a kan takardar hannun jari a ƙasar da babu mai tilasta wa darakta ya raba riba.

Waɗanda ba su sayar ba, da yawansu sun miƙa baucarsu ga asusun zuba jari da suka tsiro ɗaruruwa, kowanne da tallarsa a talabijin. Mafi yawansu sun ɓace ba tare da biyan komai ba. A cikin wannan yanayi ne Sergei Mavrodi ya yi tashe da MMM, yana biyan tsofaffin masu zubi da kuɗin sabbin shiga, har abin ya rushe a Yulin 1994 da kuɗin miliyoyin mutane. Bayan wata uku ya ci zaɓen majalisa, ya sami rigar kariya. Mai karatu a Najeriya ba sai an gabatar masa da sunan nan ba. Shi dai wannan Mavrodi ne, bayan ya yi zaman kurkuku ya fito, ya sake buɗe harkar ta intanet, ta iso mana, ta rufe asusun mutane a Disambar 2016.

Ko wanda ya yi dabara ya sayi hannun jari a kamfani mai kyau bai tsira ba. Rajistar masu hannun jari a ofishin kamfanin kansa take, ƙarƙashin makullin darakta. A 1994 masana'antar alminiyom ta Krasnoyarsk ta goge sunan wani mai jari na waje da ke riƙe da kusan kashi 20 daga rajistarta, shi ke nan. Wasu kamfanonin sukan kira taron masu jari a wani gari mai nisa da ba a shiga sai da izini, ko su buga sabbin hannayen jari su sayar wa kansu, kason na waje ya tsuke. Inda aka yi wata da watanni ba a biya albashi ba, ko aka biya ma'aikata da tukwane da tayoyin da suke ƙerawa, sai wani kamfanin darakta ya buɗe tebur a bakin ƙofa yana sayen hannun jarinsu da tsabar kuɗi. A duba jerin ranakun nan: an rufe karɓar bauca ranar 30 ga Yunin 1994, bayan an cefanar da matsakaita da manyan kamfanoni wajen 15,000. Kashi na farko na kundin dokokin mu'amala ya fara aiki a Janairun 1995. Dokar kamfanonin hannun jari sai Janairun 1996. Dokar kasuwar hannun jari sai Afrilun 1996. Wato rabo ya riga doka zuwa.

Akwai abin da ya yi kyau, kuma adalci ne a faɗa. An mallaka wa iyalai ɗakunan da suke zaune a ciki kusan kyauta, kuma wannan ce dukiya mafi girma da talakan Rasha ya fita da ita daga rushewar Sobiyet. Gwanjon ƙananan shaguna da aka fara a Nizhny Novgorod a Afrilun 1992, ƙarƙashin gwamna Boris Nemtsov, shi ma ya tafi daidai gwargwado. Ɗaki da shago abubuwa ne da mutum ke gani da idonsa, ya san darajarsu, ya kulle da kwaɗonsa.

Duk abin da na faɗa zuwa nan ana iya yi masa uzuri da ƙuncin lokaci. Abin da ya biyo baya ba shi da wannan uzuri.

Manyan kamfanonin mai da ma'adinai ba su shiga gwanjon bauca sosai ba, gwamnati ta riƙe kaso mai tsoka a cikinsu. A 1995 baitulmali ya bushe. Yaƙin Checheniya na cin kuɗi, haraji ba ya shigowa, kuma an yi wa Asusun Lamuni na Duniya alkawarin daina buga kuɗi don cike giɓi. A watan Maris Vladimir Potanin, shugaban bankin Oneksim, ya kawo wa majalisar ministoci shawara: bankuna su ranta wa gwamnati kuɗi, ita kuma ta ba su hannun jarinta na manyan kamfanoni jingina. In ba ta biya ba zuwa wa'adi, mai jingina ya sayar. Yeltsin ya sa hannu a ƙarshen Agusta. Kowa a ɗakin ya san babu kuɗin fansa a kasafin shekara mai zuwa.

An yi gwanjo 12 tsakanin Nuwamba da Disamba, kuma a manyan cikinsu bankin da aka ɗora wa karɓar tayi shi ne ya ci. A gwanjon Norilsk Nickel, ɗaya daga cikin manyan masu haƙar nikel da faladiyom a duniya, farashin farawa dala miliyan 170 ne. Bankin Rossiyskiy Kredit ya yi tayin miliyan 355, aka ce takardun lamuninsa ba su cika ba. Oneksim, mai kula da gwanjon, ya ɗauki kashi 38 a kan miliyan 170.1. A gwanjon kamfanin mai na Yukos, Menatep ne mai karɓar tayi. Aka hana gamayyar wasu bankuna uku shiga, kamfanin da ke da alaƙa da Menatep ya tashi da kashi 78 a kan kusan dala miliyan 309. Kamfanin mai na Sibneft ya tafi hannun Boris Berezovsky da Roman Abramovich a kan ɗan abin da ya haura dala miliyan 100, kamfanin da Gazprom, kamfanin iskar gas na gwamnati, ya saya bayan shekara goma a kan dala biliyan 13. Duka abin da gwamnati ta samu daga gwanjon 12 wajen dala biliyan 1 ne. Hukumar binciken kuɗi ta ƙasar ta nuna daga baya cewa ma'aikatar kuɗi ta ajiye maƙudan kuɗi a wasu daga cikin bankunan nan gab da gwanjon. Wato da kuɗin gwamnati aka ranta wa gwamnati.

Wa'adin jinginar shi ne bakin zaren. An sa shi ya faɗo bayan zaɓen shugaban ƙasa na tsakiyar 1996. A Disambar 1995 jam'iyyar kwaminis ta Gennady Zyuganov ta zo ta ɗaya a zaɓen majalisa, farin jinin Yeltsin kuwa ya faɗi ƙasa da kashi 10. In Zyuganov ya ci, jingina ta tashi a banza. Saboda haka a taron tattalin arzikin duniya na Davos a Fabrairun 1996 attajiran da jiya suke cin dunduniyar juna suka haɗa kai, suka sa kuɗinsu da gidajen talabijin ɗinsu a bayan Yeltsin, Chubais ya jagoranci kamfen. Yeltsin ya ci zagaye na biyu a watan Yuli da kusan kashi 54. A watan Agusta Potanin ya zama mataimakin firaminista na ɗaya. A Oktoba Berezovsky ya zama mataimakin sakataren majalisar tsaro. Gwamnati ba ta fanshi ko jingina ɗaya ba.

Masu kare shirin suna da hujja, kuma ba ta banza ba ce. Suna cewa kamfanonin nan lokacin cike suke da bashi, tsofaffin daraktoci na tatsar su, kuma babu baƙon da zai zuba biliyoyi ana saura wata shida kwaminis su dawo. Suna nuna cewa Yukos ya ƙara yawan man da yake haƙowa ƙwarai bayan 1999, ya fara buga lissafinsa irin na kamfanonin Yamma. Gaskiya ne. Sai dai hakan ya zo ne bayan shekarun da aka yi ana karkatar da riba zuwa kamfanonin waje ana danne ƙananan masu jari, bayan gwamnati ta kasa biyan bashinta a Agustan 1998, kuma a daidai lokacin da farashin mai ya fara hawa. Zaton cewa masu dukiya za su nemi doka ya manta da abu guda: wanda ya fi kowa ƙarfi ba ya buƙatar kotu mai adalci, ya fi son alƙalin da zai iya kira a waya.

Polan ta nuna cewa ba sakin farashi cikin gaggawa ne ya jawo wannan ba. Shirin ministan kuɗinta Leszek Balcerowicz na 1 ga Janairun 1990 bai fi na Gaidar sauƙi ba, rashin aikin yi ya haura kashi 16 a 1993. Amma wajen rabon manyan kamfanoni Polan ta yi nawa, har masu ba da shawara na waje suna ƙorafi. Majalisa ta ja muhawara, sai 1993 aka yi dokar rabon gama-gari, sai 1995 ta fara aiki, kuma kamfanoni 512 kawai ta shafa. Kafin nan an buɗe kasuwar hannun jari ta Warso a Afrilun 1991, a tsohon ginin hedkwatar jam'iyyar kwaminis, da kamfanoni biyar kacal da hukumar sa ido mai tsauri. Ƙungiyar ƙwadago ta Solidarity da majalisun ma'aikata na zaune a kan wuyan daraktoci. Dokar kasuwanci ta 1934 ba a taɓa shafe ta gaba ɗaya ba, aka kakkaɓe ta aka ci gaba da aiki da ita. Tattalin arzikin ya fara farfaɗowa tun 1992, kuma sabbin ƙananan kamfanoni ne suka ja shi, ba tsofaffin da aka raba ba. Ba na cewa Rasha na iya kwafar wannan yadda yake. Polan ta yi shekara arba'in da 'yan kai a gurguzu, Rasha ta yi saba'in da ɗoriya. Mafi yawan gonakin Polan ba su taɓa barin hannun manoma ba, an yafe mata rabin bashin da gwamnatocin Yamma ke bin ta a 1991, tana hango ƙofar Tarayyar Turai, kuma ba ta da rijiyoyin man da za a kashe juna a kansu. Jamhuriyar Cek, da ta bi hanyar bauca ƙarƙashin Václav Klaus, ta ɗanɗana nata kason na asusun da suka kwashe dukiyar masu zubi, har fitaccen mai irin wannan asusu, Viktor Kožený, ya tare a tsibiran Bahamas.

Asarar da Rasha ta yi a 1995 ta wuce bambancin miliyan 170 da miliyan 355. A shekarun da tattalin arzikin ƙasar ya ragu da wajen kashi 40, matsakaicin tsawon ran namiji ya faɗo daga kusan shekara 64 a 1990 zuwa ƙasa da 58 a 1994, talaka ya ga da idonsa yadda aka mallaki manyan kamfanoni. Daga nan ya riƙe cewa duk babbar dukiya a ƙasar ta sata ce. Dukiyar da jama'a ke wa wannan kallo kuwa ba ta da mai tsaya mata, sai dai mai mulki in ya ga dama.

Vladimir Putin, wanda ya gaji Yeltsin, ya fahimci haka da wuri. A Yulin 2000 ya tara manyan attajirai a Kremlin, kuma abin da aka fahimta daga zaman shi ne ba za a tono cinikin baya ba muddin sun cire hannu daga siyasa. Kafin shekarar ta ƙare Berezovsky da Vladimir Gusinsky, masu manyan tashoshin talabijin biyu, sun bar ƙasar. Khodorkovsky, wanda ya zama mafi arzikin Rasha, ya ci gaba da ba jam'iyyun adawa kuɗi. A Oktoban 2003 jami'an tsaro suka kama shi a cikin jirginsa a filin jirgin Novosibirsk. Aka ɗora wa Yukos bashin haraji na biliyoyin daloli, a Disambar 2004 aka yi gwanjon babban reshensa mai haƙar mai, Yuganskneftegaz. Wani kamfani da ba a taɓa jin sunansa ba, wanda aka yi wa rajista a garin Tver mako biyu kafin ranar, shi ya ci a kan dala biliyan 9 da 'yan kai. Bayan 'yan kwanaki kamfanin mai na gwamnati, Rosneft, ya saye shi. Lauyoyin Yukos sun yi ta kuka da maguɗin gwanjo, kuma da gaskiyarsu, amma titunan Mosko ba su cika da masu zanga-zanga ba. Khodorkovsky ya yi shekara goma a tsare. Potanin, wanda ya kiyaye sharaɗin, har yanzu shi ke riƙe da Norilsk.